Hannun Maƙeri da Sa Hannun Injiniya: Alhakin Mai Ƙera Makami a Mahangar Fiƙihu

A karkarar arewacin Jihar Kano, daga Dawakin Tofa da Bichi har zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, gona tana manne da gona, ba a cika samun saurar da aka bari ta huta ba, kuma kowane rabon gado yana ƙara tsuke abin da magidanci zai noma. Wannan matsi na ƙasa, wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun a shekarun 1960, shi ne ya daɗe yana tura 'ya'yan manoma neman wata sana'a bayan noma, a da ta hanyar fatauci da cin rani da almajirci, yanzu kuma har da karatun kimiyya. Tun da aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, hanya ta samu daga gandu zuwa tsangayar injiniya ta Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, kuma ɗaya daga cikin rassan wannan hanya yana ɓullewa Kaduna, inda makarantar horar da hafsoshin soja da cibiyar fasaha ta sojan sama da ma'aikatar ƙera kayan yaƙi ta ƙasa suke. Wanda ya bi wannan reshe zai tarar da tambayar da ta girme shi, wadda ta zauna a bakin maƙera tun kafin a san kalmar injiniya: shin mai ƙera makami yana da kaso a cikin jinin da makamin ya zubar, kuma idan yana da shi, daga ina kason yake farawa?

Ƙasar Kano ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Labarin kafuwar birnin kansa ana danganta shi da maƙeran da suka zo gindin Dala neman tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke, sannan bindiga ta shigo ta hanyar Nupe a ƙarni na 18, har Sarki Babba Zaki ya kafa dogarai masu bindiga. A duk tsawon wannan lokaci wuta ɗaya da zugazugi ɗaya da uwar maƙera ɗaya ne ke fitar da fartanya da garma da lauje kafin damina, su kuma fitar da mashi da kan kibiya da linzami idan an buga tambarin yaƙi. Ba a raba sana'ar gida biyu ba, kuma al'umma ba ta ɗauki maƙeri a matsayin mai cin haram ba, sai ma ta ba shi sarauta. Abin da ya faru a farkon Fabrairun 1903, lokacin da 'yar ƙaramar rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa birnin Kano da igwa da bindiga mai ruwan harsashi, ya nuna cewa jarumtar mahaya da kaurin ganuwa ba sa cike giɓin da ƙarancin fasaha ya bari.

Saboda haka matakin farko na amsar ba shi da wahala. Alƙur'ani, a Suratul Hadid, ya ambaci ƙarfe da siffofi biyu a aya guda, ƙarfin yaƙi da amfanin mutane, kuma ya ambace shi tare da Littafi da ma'aunin adalci. A Suratul Anbiya'i da Suratu Saba'i an bayyana saƙar sulke a matsayin sana'ar da Allah ya sanar da Annabi Dawuda, har aka umarce shi da ya daidaita awon zobban. A Suratul Anfali kuma an yi umarni da tanadin ƙarfi. Malamai irin su Imam Gazali sun sanya sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillar kifaya, wato wajibin da idan wasu suka ɗauke shi ya sauka daga kan saura, idan kuma kowa ya bari kowa ya yi laifi. A kan wannan asasi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar mulkin da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya lissafa maƙera cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su. Ƙasar da ba ta iya gyara bindigar sojanta sai ta jira izinin wata ƙasa ta bar wani yanki na wannan farilla, kuma mutanen Shanono da Tsanyawa, waɗanda 'yan bindiga daga dazukan kan iyakar Katsina suka riƙa kai wa hari a ƙarshen 2025, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan abin da rashin tsaro ke yi wa noma.

Sai dai halaccin sana'a a asalinta bai halatta kowane aiki da ke cikinta ba. Hadisin da aka fi kawowa wajen yabon mai ƙera makami, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amiru, ya nuna cewa kibiya ɗaya na iya zama sanadin aljanna ga mutum uku, mai ƙera ta da mai harba ta da mai miƙa ta, amma ya ɗaure ladan maƙerin da neman alheri a cikin aikinsa. Wannan ruwaya tana da gefen da ba a cika lura da shi ba, domin idan lada na iya ratsawa daga hannun mai harbi ya koma kan maƙeri, babu dalilin da zai sa a ce zunubi ba ya bin wannan hanya. Imam Buhari ya buɗe babi a kan sayar da makami lokacin fitina, wato lokacin da Musulmi ke yaƙar juna ba a kan gaskiya bayyananniya ba, ya kuma ambaci cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙyamaci hakan. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta zaurukan karatun ƙasar Hausa, ta fi sauran riƙo da ƙa'idar saddu zari'a, ma'ana toshe ƙofar da ke kaiwa ga ɓarna ko da ita ƙofar halal ce a kanta, shi ya sa malamanta suka hana sayar da makami ga wanda aka san zai yi ta'adi da shi, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga mai matsa giya.

Malamin Malikiyya na Masar, Shihabuddini Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya kasa waɗannan ƙofofi gida uku ta hanyar da ke da amfani ƙwarai ga wannan bahasi. Akwai wadda kowa ya yarda a toshe ta, kamar haƙa rijiya a tsakiyar hanyar jama'a. Akwai wadda kowa ya yarda ba a toshe ta, kamar noman inabi, domin ba a hana manomi shuka don tsoron wani zai yi giya. Akwai kuma ta tsakiya da malamai suka yi saɓani a kanta. Abin da ya raba noman inabi da sayar da shi ga mai giya ba inabin ba ne, sanin da mai shi yake da shi ne game da inda zai je. Ma'aunin ke nan: ilmi tabbatacce, ko rinjayen zato, wato zaton da alamomi suka ƙarfafa har ya fi kishiyarsa nauyi.

Maƙerin karkara ya cika wannan ma'auni ba tare da ya sha wahala ba, kuma cunkoson ƙauyukan Kano ne ya sauƙaƙa masa. Mai zuwa neman bindigar toka ko adda ba baƙo ba ne: an san ubansa, an san gonarsa, an san ko mafarauci ne ko mai gadin rumbu, an kuma san idan yana cikin rigimar iyakar gona da ɗan'uwansa. Maƙeri na iya cewa babu ƙarfe a yanzu, a dawo bayan kaka, kuma kowa ya gane abin da ake nufi. Wannan sani ya fara raguwa tun da babur da waya suka sa mai saye ke iya zuwa daga nesa ko ya aiko wani, tun kuma da aka ga yadda ƙungiyoyin 'yan sa-kai a Zamfara da Katsina, waɗanda suka tashi da sunan kare kai, suka shiga ramuwar gayyar da ta ƙara hura wutar rikici. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba tare da lasisi ba, amma ko da an ajiye doka gefe, maƙerin da bai san mai sayensa ba a lokacin da jini ke zuba ya fita daga ajin manomin inabi, ya kusanci babin da Buhari ya buɗe.

Injiniyan ma'aikatar tsaro kuwa, rashin sanin mai amfani da aikinsa shi ne tsarin aikin tun asali. An kafa DICON, ma'aikatar ƙera kayan yaƙi ta Nijeriya, a 1964, aka gina masana'antarta a Kakuri cikin Kaduna da taimakon kamfanin Jamus mai suna Fritz Werner, aikinta ya bunƙasa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sannan ya ja baya na shekaru masu yawa, har aka sake mata doka a Nuwamban 2023 don a buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. A irin wannan wuri mutum ɗaya yana auna taurin ƙarfe, wani yana zana ɓangare guda na kunamar bindiga, wani yana rubuta manhajar kwamfuta, wato umarnin da na'ura ke bi, kuma babu ɗayansu da zai taɓa ganin fuskar sojan da zai riƙe abin, balle ta wanda za a auna da shi. Tsakanin teburin zane da filin daga akwai sito da kwangila da kwamanda da shekaru. Idan ma'aunin alhaki sani ne, to a zahiri wannan tsari ya wanke kowa, tunda ya raba sanin ƙanana-ƙanana har babu wanda ke riƙe da abin da ya isa a tuhume shi.

Daga nan ne amsoshi biyu masu sauƙi suke fitowa, kuma dukansu ba su gamsar ba. Ta farko ita ce makami kayan aiki ne kawai, laifi na mai harbi ne. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, amma an fi faɗarta don kwantar da hankalin mai albashi, kuma tana mantawa da cewa nakiyar da aka binne a ƙasa ba ta jiran niyyar kowa kafin ta tashi da yaro mai kiwo. Ta biyu ita ce a guji sana'ar baki ɗaya, mutum ya tsaya ga aikin madatsar ruwa da injin ban ruwa. Wannan kuma tana zaton akwai katanga tsakanin fasahar noma da ta yaƙi, alhali tarihi bai nuna haka ba. Fritz Haber, masanin sinadarai na Jamus, shi ne ya gano a 1909 yadda ake haɗa sinadarin amoniya daga iska, wanda shi ne tushen takin zamanin da manomin Bagwai ke zuba wa masararsa, kuma wannan sinadari ne ya ba Jamus damar ci gaba da haɗa albarushi a yaƙin duniya na farko, sannan shi Haber ɗin ne ya jagoranci sakin iska mai guba a Ypres a Afrilun 1915. A Nijeriya ma hukumomi sun taƙaita jigilar wasu nau'o'in taki a arewa maso gabas saboda ana sarrafa su a yi bam. Gudun sana'ar tsaro ba ya raba masanin fasaha da tambayar, sai dai ya sauya mata kama.

Fiƙihu yana da wata rarrabewa da ta fi waɗannan amsoshi zurfi, ita ce tsakanin mubashiri, wanda ya aikata ɓarna da hannunsa, da mutasabbibi, wanda ya samar da sanadinta. Ƙa'idar da malamai suka fi bi ita ce idan su biyun suka haɗu hukunci na komawa kan na farko, shi kuma na biyu ba a ɗora masa lamuni, wato biyan diyya ko ramuwar abin da ya lalace, sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Amma Imam Malik ya tsananta a sha'anin jini fiye da yadda wannan ƙa'ida ke nunawa, domin ya tafi a kan cewa wanda ya riƙe mutum don wani ya kashe shi, yana sane da nufin kisan, hukuncinsa ɗaya ne da na makashin. Riƙewa ba kisa ba ce, amma sani ya mai da ita kisa. Injiniya a mafi yawan lokuta mutasabbibi ne mai nisa, don haka ba a tambayarsa game da kowane harsashi; abin da ake tambayarsa shi ne ko ya yi sakaci, da kuma abin da ya sani ya yi shiru.

Abubuwa biyu da suka faru a Arewa sun nuna cewa wannan ba bahasin zaure kaɗai ba ne. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin sojan saman Nijeriya ya jefa bama-bamai a kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta Jihar Borno, mutum sama da 100 suka mutu, kuma bayanin da rundunar tsaro ta bayar daga baya shi ne ba a sanya alamar wurin a taswirar da ake aiki da ita ba. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a Jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, wasu ƙungiyoyi suka ce adadin ya fi haka, rundunar ta amsa cewa kuskure ne, daga baya kuma aka sanar cewa za a gurfanar da jami'ai biyu a kotun soja. A cikin irin wannan kuskure akwai wanda ya danna, amma a bayansa akwai taswirar da wani ya kamata ya sabunta, da kyamarar da ke da iyakar abin da take iya bambancewa cikin dare, da tsarin tantancewa da ya kamata ya tsaya tsakanin gani da harbi. Duk waɗannan aikin masu fasaha ne, kuma ba a yin su ranar harin, ana yin su ko a ƙi yin su watanni kafin nan.

A nan ne ake gane cewa tsarin masana'anta bai shafe sanin da fiƙihu ke aunawa ba, ya sauya masa wuri ne kawai. Injiniya bai san wanda zai riƙe makami ba, amma ya san abin da kwamanda da minista da sojan da ke bakin daga ba su sani ba, wato iyakar na'urar: daga wane nisa hoto ke daina nuna bambancin mai ɗauke da bindiga da mai ɗauke da fartanya, harbi nawa bakin bindiga zai jure kafin ya tsage, wane nauyin nakiya ƙasan mota zai iya ɗauka. Malikiyya sun shahara da ɗora lamuni a kan masu sana'a irin su maɗinki da marini idan kayan mutane suka lalace a hannunsu, ba don ana zarginsu da ha'inci ba, sai don maslahar jama'a, tunda mai kaya ba shi da hanyar sanin abin da ya faru a cikin shago. Wannan mas'ala ta kayan ajiya ce, ba ta makami ba, amma dalilinta ya dace da injiniya fiye da yadda ya dace da marini, domin duk inda sani ya taru a hannun mutum ɗaya sauran suka dogara da shi ido rufe, nauyi ma nan yake taruwa. Kuma cutarwar tana da fuska biyu: farar hular da na'ura ta kasa tantancewa, da ƙaramin sojan da aka ba rigar sulken da ba a gwada ba, wanda shi ma sau da yawa ɗan manomi ne.

Idan injiniya ya hau matsayin shugabanci, ya zama shugaban sashen gwaji ko daraktan bincike ko babban daraktan ma'aikata, sai sanin da aka rarraba ya sake haɗuwa a teburinsa. Shi ne ke ganin rahoton gwajin da bai yi kyau ba, shi ke sanin wanda aka sayar wa da kuma ko lambobin bindigogin da suka fita daga sito sun yi daidai da waɗanda suka isa bariki, shi kuma ake matsa wa ya amince da kaya kafin ranar da shugaban ƙasa zai zo ƙaddamarwa. Sa hannunsa a kan takardar amincewa shaida ce a ma'anar shari'a, domin yana gaya wa waɗanda ba su gani ba cewa ya gani, kuma idan bai gani ba ko ya ga akasin haka, sunan abin shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai ko da babu wanda ya mutu. Zargin da ya taso a 2015 na karkatar da kimanin dala biliyan 2.1 da aka ware don sayen makamai, a lokacin da sojoji a arewa maso gabas ke kukan rashin kayan aiki, ya nuna cewa a wannan fanni cin amanar dukiya da zubar da jini ba sa nisa da juna. Dokar ƙasa da ƙasa ma ta lura da wannan mataki, domin sashe na 36 na ƙarin yarjejeniyar Janeba na farko, na 1977, ya wajabta wa ƙasa ta binciki duk sabon makamin da take ƙerawa ko saye don ta tabbatar bai saɓa wa dokokin yaƙi ba, binciken da lauya ba zai iya yi shi kaɗai ba sai injiniya ya gaya masa gaskiyar abin da na'urar ke yi. Dokokin da kansu ba baƙi ba ne ga mai karatun Muwaɗɗa, inda wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandansa ta hana kashe mata da yara da tsofaffi da sare itatuwa masu 'ya'ya.

Wuri mafi wuya shi ne inda amana biyu suka yi karo. Ma'aikacin tsaro ya yi rantsuwar riƙe sirri, kuma sirrin yana da dalili na gaskiya tunda bayyana raunin makami na iya amfanar abokin gaba. Amma Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, ya hana ɓoye shaida. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne sirri yana ƙayyade wanda za a gaya wa, ba ya halatta a ƙi faɗa: injiniya ya rubuta abin da ya gani ga na gaba da shi, ya ƙi sa hannu, ya kai maganar ga duk hukumar da doka ta ba ikon ji. Uzurin cewa umarni ne daga sama yana da iyaka sananniya, domin ɗa'a a cikin abin da shari'a ta yarda da shi take, kuma Malikiyya ba su karɓi tilastawa a matsayin uzurin kisa ba, sun ɗora ƙisasi a kan wanda ya tilasta da wanda aka tilasta wa. Idan barazanar mutuwa ba ta zama uzuri ba, da wuya tsoron rasa ƙarin girma ko canjin wurin aiki ya zama.

Ficewa daga aikin gaba ɗaya mataki ne da ke da magabata. Joseph Rotblat, masanin kimiyya ɗan asalin Folan, ya bar aikin ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka a ƙarshen 1944 bayan ta bayyana cewa Jamus ba ta kusa da mallakarsa, wato dalilin da ya shigar da shi ya gushe. Kusa da gida kuma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi wajen 1807 saboda ya ga son duniya ya fara rinjayar wasu mayaƙa, ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma. Komawar tasa ta fi ficewar ba da darasi ga wannan mas'ala, domin farillar kifaya ba ta sauka idan masu tsoron Allah suka watse suka bar ma'aikata ga waɗanda ba sa tambayar komai. Mikhail Kalashnikov, wanda ya zana bindigar da ta fi kowace yawa a hannun 'yan ta'addan dazukan Arewa, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa kafin rasuwarsa ta Disamban 2013 yana tambaya ko yana da alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe. Tambayar ta zo ne bayan shekaru sama da sittin, lokacin da babu sauran zane ko sito da yake da iko a kansa.

Ana iya cewa mafita ita ce injiniya ya zaɓi kayan kariya ya bar na kisa, tunda sulke ne aka ambata game da Annabi Dawuda. Akwai gaskiya a nan, kuma wasu ayyukan da aka nuna a Kaduna na wannan aji ne, kamar jirgin leƙen asiri maras matuƙi mai suna Tsaigumi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2018 da motar sulke mai jure nakiya mai suna Ezugwu ta Disamban 2019. Amma rarrabewar ba ta kai inda ake so ta kai ba, domin idon da ke leƙe shi ne ke nuna wa mai harbi inda zai harba, kuma kuskuren gani kan riga kuskuren harbi.

Sabuwar mas'alar da ke tafe ta ƙara matso da injiniya kusa da hukunci. Ana ƙera na'urorin da ke zaɓar abin hari da kansu bisa manhajar da aka koya musu, har Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan irin waɗannan makamai a Disamban 2023. A irin wannan na'ura babu mubashiri mai hankali da za a jingina wa aikin, kuma fiƙihu ya riga ya san hukuncin wannan sura daga mas'alar rijiyar da aka haƙa a kan hanya da tarkon da aka ɗana inda mutane ke wucewa: idan babu baligi mai hankali da zaɓi da ya shiga tsakanin sanadi da ɓarna, lamuni na komawa kan wanda ya kafa sanadin. Garkuwar da ƙa'idar mubashiri ta daɗe tana ba mai ƙera makami ta dogara ne ga samuwar wani mutum a ƙarshen hanya wanda zai iya gani ya fasa. Duk gwargwadon da zane ya rage ikon wannan mutum, ko ya taƙaita lokacin da yake da shi na tantancewa har amincewarsa ta zama danna maɓalli kawai, gwargwadon haka ne hukuncin ke barin filin daga ya koma kan wanda ya rubuta manhajar da shugaban da ya sa hannu aka fitar da ita.